Waiwaye: Shin mu kaɗai ne a sararin samaniya?

A daren da aka ɗauke wuta a Tudun Wada, lokacin sanyi, samaniyar Kaduna kan dawo da taurarin da fitilu suka ɓoye. Ga Kaza da 'ya'yanta can sama. A irin wannan dare ne ɗan ƙanwata ya ce mini, "Kawu, akwai mutane a can?" Tambayar ta girme shi, ta girme ni, ta girmi garin nan da ɗaruruwan shekaru.

Wasu na ɗauka zancen Turawa ne. Ba haka ba ne. Fakhruddin al-Razi, malamin tafsirin da ya rasu a 1210, ya tsaya a kan kalmar "Rabbil alamina", ya ƙi yarda da masu cewa wannan duniyar ce kaɗai za ta iya samuwa. A ganinsa, ikon Allah ya isa ya halicci dubban duniyoyi bayan tamu. A Turai kuwa, Jodano Buruno ya ce taurari ranaku ne masu nasu duniyoyin. A 1600 aka ƙone shi a Roma bisa tuhumar bidi'a a addini.

Duk waɗannan da hankali suka yi magana. Awo ya zo daga baya, kuma shi ne ya girgiza lissafi. Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya sa giya a tashar Kawo, haske ya zagaye duniya sau bakwai. Amma sai ya yi minti 8 daga rana zuwa nan, ya yi fiye da shekara 4 daga tauraro mafi kusa da mu bayan rana. Gungun taurarin da muke ciki yana ɗauke da taurari fiye da biliyan 100, faɗinsa tafiyar haske ce ta kimanin shekara 100,000. A shekarun 1920 masanin taurari Edwin Habul ya nuna cewa wannan gungu ma ɗaya ne cikin masu yawa.

Daga nan tambayar ta sauya kama. A 1950, masanin kimiyya Enriko Fami yana cin abincin rana da abokan aikinsa a Amurka ya ce, to ina kowa yake? Idan gidaje sun yi yawa haka, me ya sa ba a taɓa jin sallamar kowa ba?

Sai aka koma saurare. A 1960 masanin taurari Farank Direk ya juya faifan rediyo, irin manyan faya-fayan nan da mutanen Kaduna suka sani a Kujama, zuwa taurari biyu na kusa. Shiru. A watan Agusta na 1977 wata na'ura a jihar Ohayo ta Amurka ta kama sigina mai ƙarfi na daƙiƙa 72, kuma bai sake dawowa ba. A shekarar ne aka harba kumbon Boyeja da faifan zinariya mai gaisuwa cikin harsuna 55. Akwai Larabci a ciki, babu Hausa, abin da nakan ji a raina duk lokacin da na tuna.

Babban sauyi ya zo a 1995, sa'ad da Mishel Mayo da Didiye Kelo suka gano duniya mai kewaya wani tauraro irin ranarmu. A 2022 adadin irinsu da aka tabbatar ya haura 5,000, wasu a tazarar da ruwa zai iya kwanciya a kansu. Har yau dai ba a ga ko ƙwayar halitta ɗaya ba.

Ni ban ɗauki wannan shiru a matsayin amsa ba. Wanda ya ɗebi kwarya ɗaya a kogin Kaduna bai isa ya rantse babu kada ba. Sauraron namu shekara 60 ne da 'yan kai, kuma muryar rediyonmu ta farko ba ta yi nisan da ya wuce shekarar haske ɗari da kaɗan ba. Tun da aka harba madubin hangen nesa na James Webb zuwa sararin samaniya a Disambar 2021, masana na bin iskar waɗannan duniyoyi ɗaya bayan ɗaya, suna neman tururin ruwa da iskar da rai kan bari a bayansa.