Yanda kwamfuta ta koyi hango tsagewar kankare

Duk wanda ya zauna da magina ya san kankare gwani ne in an danne shi, amma in aka ja shi ko ya lanƙwasa, ƙarfinsa bai fi kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, shi ya sa ake ɗaura masa rodi. Abin da ya daɗe yana ba injiniyoyi ciwon kai shi ne a ina tsagar za ta fara, ina za ta nufa, kuma yaushe za ta kai ginin ƙasa.

A 1921 wani Bature ɗan Ingila, Griffith, ya nuna cewa gilashi daga 'yan ƙananan tsagogin da ke jikinsa yake fashewa. Bayan yaƙin duniya na biyu, da wasu jiragen ruwan Amurka suka riƙa darewa gida biyu, Irwin ya faɗaɗa lissafin zuwa ƙarfe. A 1961 Kaplan ya gwada shi a kan kankare, to amma kankare ba gilashi ba ne fa. Kafin babbar tsaga ta buɗe sai ƙanana sun cika gabanta, kuma ko ta buɗe ɗin za ka ga tsakuwa na nan ta riƙe ɓangarorin biyu, ƙarfin a hankali yake zubewa ba lokaci guda ba.

Sai kwamfuta ta shigo. Clough na jami'ar Berkeley a 1960 ya raɗa wa wata dabara suna "finite element", wato a yanka gini a lissafi zuwa gutsattsari kamar ragar kamun kifi, kowane gutsure a lissafa shi daban sannan a haɗa, kuma cikin ayyukan farko akwai dam ɗin Norfork a Arkansas wanda dama ya tsage. A 1967 Ngo da Scordelis suka saka tsagar tsakanin gutsattsarin, a 1968 Rashid kuma ya ce a bar ragar yanda take, kawai a raunana gutsuren da tsagar ta ratsa. Hanyar Rashid ta fi sauƙi, kowa ya rungume ta.

Nan ne abin ya ɗaure kai, don in ka ƙanƙanta gutsattsarin da nufin samun amsa mai kyau sai amsar ta canza, ginin ya riƙa karyewa da wuri a kwamfuta alhali bim ɗaya ne, siminti ɗaya, nauyi ɗaya. A ganina babu wanda ya kai Hillerborg na jami'ar Lund a Suwidin cancantar yabo a wannan tarihin, shi da abokan aikinsa a 1976 suka saka wa lissafin yawan makamashin da tsaga ke ci kafin ta buɗe gaba ɗaya. Bažant da Oh suka ɗora a 1983, a 1984 Bažant ya fito da ƙa'idar girma, cewa babban bim ya fi ƙarami saurin karyewa farat ɗaya, don haka gwajin ɗan ƙaramin samfur a ɗakin gwaji bai isa hujja a kan katafaren gini ba.

Wallahi abin ba wasa ba ne. A watan Agustan 1991 gindin kankare na dandalin haƙar gas Sleipner A ya nutse kusa da Stavanger a Norwe, binciken ya gano ragar da aka yi a manhajar NASTRAN ba ta yi kyau ba, ta sa lissafin ya nuna ƙarfin da ke danna wani bango ƙasa da yanda yake da kusan kashi 47 cikin ɗari, ga rodin wajen bai wadata ba, asarar ta kai kusan dala miliyan 700.

Daga 1999 Belytschko da mutanensa suka kawo XFEM, inda tsaga ke ratsa gutsure ba sai an sake raga ba, a 2000 Silling na cibiyar bincike ta Sandia a Amurka ya zo da tasa hanyar. Dukkansu suna cin lokacin kwamfuta sosai, kuma har yanzu adadin makamashin nan sai an je an yi wa ƙaramin bim tsaga a ƙasa, a danna shi a tsakiya har ya rabe, kamar yanda RILEM, ƙungiyar masana kayan gini ta duniya, ta tsara tun 1985.