Tsafta Kaɗai Ba Ta Hana Ɓera Shiga Gida

Mutane da yawa suna ɗauka gidan ƙazami kaɗai ɓera ke shiga. Ba haka ba ne. Idan sanyi ya kankama, ɗumi yake nema, kuma ɗan ɓurɓushin abinci ya ishe shi kwana. Ƙaramin ɓera yana kutsawa ta ramin da bai wuce milimita 6 ba, kaurin fensir ke nan. Na sha ganin ɗaki fes, amma ga kashinsa baƙi kamar ƙwayar shinkafa a bayan firji. Don haka a duƙa a duba ƙasan ƙofa da inda bututun ruwa ya ratsa bango. A toshe da siminti ko ragar ƙarfe, domin tsumma da leda gaigaye su yake yi.