Yawan waɗanda aka tambaya ba shi ne ingancin bincike ba

Da zarar an fitar da sakamakon jin ra'ayin jama'a, sai ka ji ana tsaki: "Mutum dubu kacal suka tambaya, ina za su san ra'ayin miliyoyi?" An daɗe ana ɗauka cewa yawa shi ne komai, alhali yadda aka zaɓo mutanen ya fi yawansu muhimmanci.

A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10 kan zaɓen shugaban ƙasa, sama da mutum miliyan 2 suka amsa. Ta bugi ƙirji ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Ashe an yi gudun gara an faɗa gidan zago: Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. George Gallup kuwa, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da ya tambayi mutum kimanin 50,000, ya hango nasarar Roosevelt.

Inda mujallar ta kuskure shi ne, ta kwaso sunaye ne daga littafin lambobin tarho da rajistar motoci, a lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, talaka ba shi da tarho balle mota. Ga shi kuma masu jin haushin Roosevelt su suka fi zumuɗin mayar da amsa.

Mai sayen masara a Dawanau ba ya yarda da saman buhu, hannu yake zurawa can ciki. Mutum 1,000 da aka zaɓo ta ƙuri'a, kowa da damarsa daidai, kuskurensu bai cika wuce maki 3 cikin 100 ba. Ƙuri'ar Facebook kuwa, ko miliyan suka danna, ra'ayin masu data da zumuɗi kawai take nunawa.