Wai mene ne kwatet, kiɗan mutum huɗu da ake shirya wa biki guda a Turai?

Duk mai leƙa bidiyon kiɗan Turawa na da a YouTube ya san hoton nan, mutum huɗu zaune kan kujeru sun ɗan yi rabin da'ira, kowa da takardar kiɗa a gabansa, ba ganga, ba mawaƙi, ba lasifika, kuma ba wani mai sanda a tsaye yana ba su umarni. To wannan shi ake kira kwatet, cikakken sunansa kwatet na tsirkiya. Kalmar daga Italiyanci ta fito, huɗu take nufi, kuma ana amfani da ita ta hanya biyu, abin da ke rikita mutane ke nan. Ƙungiyar makaɗan sunanta kwatet, kiɗan da aka rubuta musu shi ma kwatet. Shi ya sa za ka ji an ce kwatet ɗin Kronos, mutane ke nan ake nufi, anjima ka ji an ce kwatet na 8 na Shostakovich, wani mai rubuta kiɗa ɗan Rasha, wannan kuma kiɗa ne da aka rubuta a takarda a 1960.

Kayan kiɗan ba a canza su, biyolin biyu, biyola ɗaya, celo ɗaya. Idan ka san goge ai ka riga ka gane rabin zancen, don su ma da baka mai izgar doki ake goga su, har ƙaro ake shafa wa izgar don ta kama tsirkiya kamar yadda mai goge ke yi, bambancin dai kowannensu tsirkiya huɗu gare shi kuma jikinsa duk katako ne ba ƙwarya da fata ba. Biyolin ita ce mai siririyar murya, a ƙarƙashin haɓa ake maƙale ta. Biyola ta ɗan fi ta girma, muryarta ta fi kauri, tana tsakiya. Celo kuwa babba ne, sai a zaune ake kaɗa shi a tsakanin gwiwoyi, akwai wani tsinken ƙarfe a gindinsa da ke tokare da ƙasa, kuma shi ne mai muryar ƙasa-ƙasa da ke riƙe da sauran.

Sai kuma ɗaya kalmar da ke tafiya tare da wannan, wato kiɗan ɗaki, wanda kwatet ne babban ginshiƙinsa. An sa masa sunan ne saboda asali a ɗakunan fada da gidajen masu hali ake yin sa, ba a coci ko babban ɗakin wasa ba. Ƙa'idarsa biyu ce kawai: kowane layi na kiɗan mutum ɗaya ne ke ɗauke da shi, kuma babu jagora mai sanda. A babbar ƙungiyar okestira za ka ga masu biyolin goma sha wani abu suna kaɗa layi ɗaya, in ɗaya ya yi kuskure sauran sun rufe masa asiri. A kwatet ba inda za ka ɓuya wallahi, in yatsanka ya zame ko da kaɗan ne kowa a ɗakin ya ji, ga shi kuma wuyan waɗannan kayan santsi ne, babu wata alama da ke nuna maka inda za ka danna, kunne ne kawai da sabo.

To in babu jagora ya ake farawa tare? Nan ne ni abin ya fi burge ni. Ka lura da mai biyolin na farko daf da a fara, zai ɗaga bakarsa kaɗan ya ja numfashi ta hanci yadda sauran za su ji, saurin wannan numfashin shi ne ke gaya musu saurin kiɗan, sai ka ga bakuna huɗu sun sauka lokaci ɗaya. A tsakiyar kiɗa kuma ka bi idon mai biyola, rabin lokaci ba takarda yake kallo ba, hannun mai celo yake kallo ta gefen ido. Wanda ke da karin waƙa a wannan lokacin shi ake bi, in ya miƙa wa na kusa da shi sai ya rage murya ya koma mai rakiya. Marubucin nan na Jamus, Goethe, ya faɗa a wata wasiƙa a 1829 cewa sauraron kwatet kamar jin mutum huɗu masu hankali ne suna hira, kuma har yau ba a daina maimaita maganar ba saboda ta dace.

Wanda ake kira uban wannan tsari shi ne Joseph Haydn ɗan ƙasar Ostiriya, an haife shi 1732 ya rasu 1809, ya bar kwatet 68. Mai rubuta tarihinsa ya ce farkon abin wani basarake ne mai suna Fürnberg ya nemi ya rubuta kiɗan da za a yi a gidansa na ƙauye, sai ya rubuta daidai da makaɗa huɗun da ke wurin. A na farko-farko biyolin ta farko ce ke cinye komai sauran suna bin ta, amma zuwa 1781 Haydn ya fitar da wasu shida inda kowa ke da ta cewa. Mozart ya ji su, shi ma ya rubuta shida ya sadaukar wa Haydn, aka buga su a 1785. Daga nan tsarin ya zauna da gindinsa: kashi huɗu, na farko da sauri, sai mai sanyi da mai salon rawa a tsakiya, sai na ƙarshe da gudu, duka kamar minti 20 zuwa 40.

In kana so ka ji abin da ake nufi da kowa na da ta cewa, nemi kashi na biyu na kwatet ɗin Haydn da ake wa laƙabi da na Sarki, na 1797. Karin waƙar za ka iya gane shi ma, don shi ne taken ƙasar Jamus a yau, wanda ake sawa kafin ƴan ƙwallonsu su fara wasa. Da farko su huɗun za su yi shi tare. Sai biyolin ta biyu ta ɗauka ita da ta farko kawai tana yi mata ado a sama, sai celo ya karɓa, sai biyola, sai ya dawo hannun ta farko a ƙarshe. Karin bai canza ba ko sau ɗaya, mai riƙe da shi ne ke canzawa, kuma duk wanda ya karɓa sai ka ji kamar sabon abu ne.

Beethoven ya rubuta 16, kuma na ƙarshe-ƙarshen a 1825 da 1826 ya yi su lokacin da kunnensa ya riga ya mutu, bai taɓa jin su ba. Akwai ɗaya mai lamba 131 a jerin ayyukansa, kashi bakwai a jere ba tsayawa kusan minti 40, wato ko tsirkiya ta saki babu damar tsayawa a ɗaure ta, dole ka gyara da yatsa kana tafe sauran ukun kuma su biyo ka. Bayan Beethoven, Bartók ɗan Hungary ya rubuta kwatet 6, Shostakovich na Rasha ya yi 15.

Yanzu batun ƙwararru, waɗanda wannan ita ce sana'arsu. Ba wai a tara gwanaye huɗu ranar Juma'a su hau dandali ranar Asabar ba ne, ƙungiya ce tsayayya mai suna, mutum huɗun nan kullum tare, atisaye na awanni, gardama kan ko wannan wurin a ja baka sama ko ƙasa, kowa da fensir yana rubutu a takardarsa, kuma tunda su huɗu ne ƙuri'a na iya tsayawa biyu da biyu, ba mai raba gardama sai an gwada duka biyun an saurara. Kwatet ɗin Amadeus na Landan su ne misalin da ake bayarwa. Uku daga cikinsu Yahudawa ne da suka gudo daga Biyana, babban birnin Ostiriya, saboda Hitler, Ingila kuma ta tsare su a sansani lokacin yaƙin duniya na biyu, a can suka san juna. Sun kafa ƙungiyar a 1947 tare da wani Bature ɗan Ingila mai celo, suka yi shekara 40 ba a canza ko mutum ɗaya ba, da mai biyolarsu Peter Schidlof ya rasu a 1987 sai sauran suka ce an gama, ba su nemi wani ba. Kwatet ɗin Emerson na Amurka kuma wata hanya suka bi don kada a ce akwai babba da ƙarami, masu biyolin ɗinsu biyu karɓa-karɓa suka riƙa yi a kujerar farko har suka rufe ƙungiyar a 2023. Kuma fa sana'ar ba ta da sauƙi ta fannin kuɗi, abin da aka biya kashi huɗu za a raba, ga tikitin jirgi biyar, don celo ba a yarda a jefa shi cikin kaya, kujera ake saya masa kusa da mai shi. Shi ya sa da yawansu ke haɗawa da koyarwa a jami'o'i, matasa kuma ke rububin gasa irin ta Banff a Kanada da aka fara a 1983 ake yi duk bayan shekara uku.

Bikin kiɗan ɗaki shi ne kasuwarsu. Ɗauki na Kuhmo, wani ƙaramin gari a gabashin Finland kusa da iyakar Rasha, cikin dazuka da tafkuna, mutanensa ba su kai dubu 10 ba. Wani matashi mai celo, Seppo Kimanen, da mai biyolin Yoshiko Arai ƴar Japan suka fara shi a 1970, har yau kuma ana yi duk watan Yuli na tsawon mako biyu, lokacin da dare a can kusan ba ya yin duhu. Wasa ake yi tun safe har dare, a coci, a makaranta, a ɗakin taron garin, makaɗa na zirga-zirga a kan keke daga wannan wuri zuwa wancan. Abin da ya bambanta biki da wasan dare ɗaya shi ne ana cakuɗa mutane, kwatet zai yi nasa da safe, da yamma a ƙara musu mai fiyano ko celo na biyu su zama biyar, gobe kuma mai biyolarsu ya zauna da wasu da bai taɓa kiɗa da su ba. Akwai irinsa a Marlboro ta Amurka tun 1951, inda kwatet ɗin Guarneri ya samo asali a 1964, da Lockenhaus a Ostiriya tun 1981, sannan Amsterdam ta fara nata na kwatet zalla a 2018, duk bayan shekara biyu.

Wani abu da ke ba sabon shiga mamaki, in an gama kashi na farko za ka ji tsit ba tafi, sai tari da juya takarda. Ba wai bai yi daɗi ba ne, al'adar wurin ce a bari sai an kammala duka kashin huɗun tukuna. Ni dai ina ganin hikimar abin, don bayan kashi mai sanyi tafi na wargaza duk abin da aka gina, amma a zamanin su Haydn ɗin ma mutane na tafawa a tsakiya, ba wata tsohuwar doka ba ce.

Kada kuma a ɗauka kiɗan matattun Turawa kawai ake yi. Kwatet ɗin Kronos, wanda David Harrington ya kafa a Amurka a 1973, sababbin kiɗa suka sa a gaba, kuma a 1992 suka fitar da faifai guda na mawallafan Afirka zalla, ciki har da Hamza El Din ɗan ƙabilar Nubiya ta Masar mai kiɗan ud, wato molon Larabawa, da Foday Musa Suso daga Gambiya mai kaɗa kora, wato babbar ƙwarya mai tsirkiya da yawa, da Obo Addy makaɗin Ghana. A 2017 kuma suka yi wani da Trio Da Kali na Mali, inda tsirkiyoyin nan goma sha shida ke raka muryar Hawa Kassé Mady Diabaté da balafon, wato jerin katako da ake bugawa da sanduna.