Lasifika, amfilifaya ko na'urar kunna faifai: wanne ya kamata a fara sauyawa?

Kayan sauti na gida kashi uku ne: na'urar da kiɗa ke fitowa daga cikinta, kamar na'urar CD, garmaho ko wayar hannu, amfilifaya, mai ƙara wa saƙon ƙarfi, sai lasifika biyu, masu mayar da shi sautin da kunne ke ji. Wanda kuɗinsa ba su isa ya sauya su gaba ɗaya ba, dole ya zaɓi inda zai fara.

Tambaya: Idan abu ɗaya kawai zan iya saya, mene ne shi?

Amsa: A mafi yawan gidaje, lasifika ne. Dalili shi ne, a nan ne wutar lantarki ke komawa motsi, takardar lasifika tana kaiwa da komowa don ta tura iska, kuma duk abin da ke motsi yana da wuyar daidaitawa. Amfilifaya mai matsakaicin kyau ba ta gurɓata sauti da ya kai kashi 0.1 cikin ɗari, alhali lasifika, musamman wajen sauti mai kauri, tana iya haura kashi 1 cikin ɗari. Shi ya sa kowa yake jin bambanci nan take idan an sauya lasifika, amma idan aka sauya amfilifaya mai lafiya da wata mai lafiya, sai an kasa kunne sosai, wani lokaci ma ba a jin komai.

Tambaya: To in tafi kasuwa ke nan?

Amsa: A dakata tukuna, domin akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo, kuma a ganina shi ne aka fi sakaci da shi. Abin da ke isa kunne ba daga lasifika kaɗai yake zuwa ba, har da wanda bango, rufi da daɓe suka mayar. Falo mai bangon siminti da tayil, irin wanda ya zama ruwan dare a sababbin gidajenmu, yana sa sauti ya yi kaifi, muryoyi su cakuɗe. Shimfiɗa kafet tsakanin lasifika da wurin zama, da rataya labule mai kauri, suna rage wannan sosai.

Sannan a duba inda aka ajiye su. Lasifikar da aka cusa a lungu takan yi ruri, sauti mai kauri ya danne sauran, don haka a janye ta daga bango kamar rabin mita. Nisan da ke tsakanin lasifikan biyu ya yi daidai da nisan kowace da mai sauraro, ƙaramar lasifikar da ke sama, mai fitar da siririn sauti, ta daidaita da tsayin kunnen wanda ke zaune. Mutane da yawa sukan ɗora ɗaya a kan kabad, ɗaya a ƙasa bayan kujera, sannan su zargi kayan. A yi mako guda ana saurare bayan wannan gyara kafin a yanke shawara.

Tambaya: Na ji ana cewa na'urar kunna faifai ce ta fi muhimmanci. Ina gaskiyar wannan?

Amsa: Magana ce mai tushe. Ivor Tiefenbrun, wanda ya kafa kamfanin Linn a Glasgow ta Sikotilan a farkon shekarun 1970, shi ya yi fice da wannan ra'ayi: abin da aka rasa tun daga faifai, babu lasifikar da za ta dawo da shi. A zamanin garmaho hujjarsa tana da ƙarfi, domin garmaho ma inji ne mai motsi, allura tana bin layin faifai. Amma tun da Sony da Philips suka fito da CD a 1982, tazarar da ke tsakanin na'ura mai araha da mai tsada ta ragu ƙwarai.

Duk da haka, a wurare biyu maganar tana nan daram. Wanda ke amfani da garmaho ya fara duba allura, domin tana cinyewa bayan ɗaruruwan sa'o'i na aiki, kuma cinyayyiyar allura tana lalata faifan kansa, ɓarnar da ba ta gyaruwa. Na biyu, wanda ke kunna waƙoƙi daga waya ya duba ingancin fayil ɗin. CD na ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, MP3 da aka matse sosai kuwa 128 ne ko ƙasa da haka, balle wanda ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Sabuwar lasifika mai kyau ba za ta rufe wannan aibi ba, tona shi za ta yi.

Tambaya: Yaushe ne amfilifaya ke zama ta farko?

Amsa: Idan ta gaza ɗaukar lasifikan. Alamar ita ce sauti ya yi daɗi a ƙasa, amma da an ƙara murya sai ya tsage, ko na'urar ta yi zafi ta kashe kanta. Wannan yakan faru ne idan aka haɗa lasifika mai om 4 da amfilifayar da aka ƙera don om 8 (om ma'aunin turjiya ne ga wutar lantarki, kuma mai ƙaramar lamba ta fi jan wuta). Ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa fiye da ƙarfinta tana iya ƙona ƙaramar lasifikar sama, abin da mutane ba su cika zato ba.

Kada a ruɗu da yawan wat. Ninka ƙarfi sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, kuma kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. Ke nan barin mai wat 50 a sayi mai wat 70 ba zai sauya wani abin a zo a gani ba. Lambar wat da aka rubuta PMPO a gefenta, wadda takan kai dubbai a jikin kwali, ta talla ce. Wadda ake dogaro da ita ita ce mai RMS a gefenta, wadda ke nuna ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa ba tare da yankewa ba.

Tambaya: Wayoyin haɗi masu tsada fa?

Amsa: Su ne na ƙarshe. Wayar tagulla mai isasshen kauri, wadda bakinta bai yi tsatsa ba, ta wadatar. Abin da ya fi dacewa a kashe wa kuɗin shi ne sitabilaiza, musamman inda wuta ke hawa da sauka ko ake yawan komawa kan janareta.

Tambaya: Ko zan iya sayen na hannu?

Amsa: Ƙwarai, kuma lasifika na cikin abubuwan da suke daɗewa. Sai dai a cire murfin gaba a duba zoben da ya kewaye takardar, domin na soso yana ruɓewa idan ya tsufa, ko da yake mai gyara yana iya sauya shi. A kara kunne a kowace ƙaramar lasifika a tabbatar tana fitar da sauti. Idan amfilifaya ce, a karanta bayanta kafin a jona: wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, kayan da aka yi wa Amurka na 120 ne, na Japan kuma 100, kuma jona su kai tsaye ba tare da taransifoma ba yana ƙona su. A je da waƙar da aka sani sosai, a roƙi mai shago ya kunna ta da irin muryar da ake saurare a gida.