Waiwaye: Lokacin da gishiri ya ragu a arewacin tekun Atilantika

A kowane kilo na ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Idan ya ragu da giram ɗaya ko ƙasa da haka, harshe ba zai gane ba, amma teku kan gane.

A ƙarshen shekarun 1960, ƙanƙara mai yawan gaske ta fito daga tekun Aktik ta mashigar Fram, wadda ke tsakanin Girinlan da tsibiran Svalbard, ta narke a gabashin Girinlan. Wannan ruwa mai ƙarancin gishiri ya bayyana a arewacin Aisilan wajen 1968, igiyar teku ta zagaya da shi zuwa tekun Labrador, tsakanin Girinlan da Kanada. Can ne aka ga illarsa. A al'ada, idan hunturu ya yi tsanani, ruwan saman wannan teku kan yi sanyi, ya yi nauyi, ya nutse ƙasa. Nutsewar nan na cikin abubuwan da ke jawo ruwan ɗumi daga kudu zuwa arewa. To, ruwan da gishirinsa ya ragu ba shi da nauyi, sai ya zauna a sama kamar mai a kan miya. Jirgin ruwan binciken yanayi na tashar Bravo da ke tekun Labrador, wanda ke auna ruwan a kai a kai, ya ga nutsewar ta tsaya, ba ta dawo ba sai da hunturun 1972 ya zo da ƙarfi.

Ruwan bai tsaya nan ba. Ya tsallaka zuwa gaɓar Turai, ya koma tekun Girinlan wajen 1982, zagayen kusan shekara 14. Masanin teku Robert Dickson da abokan aikinsa ne suka harhaɗa tarihin a 1988, daga ma'aunin jirage da tashoshi daban-daban.

Abin da aka ƙara fahimta daga baya shi ne aikin dunƙulen ruwa masu juyawa da ke ɓallewa daga igiyar yammacin Girinlan. Su ne ke kwasar ruwan gefe su kai shi tsakiyar Labrador, inda nutsewar ke faruwa. A ganina wannan ne ɓangaren da ya fi wuyar sa ido, domin dunƙulen ƙanana ne, jirgi zai iya wucewa bai ci karo da ko ɗaya ba.

Lamarin ya sake aukuwa a shekarun 1980 da 1990. Daga 2012 zuwa 2016 kuma, ruwan kudancin Aisilan ya yi raguwar gishirin da ba a ga irinta ba cikin shekara 120. Wannan karon dai na'urorin Argo kusan 4,000 na yawo a tekunan duniya, suna nutsewa zuwa zurfin mita 2,000 suna aiko da ma'auni ta tauraron ɗan'adam.