Ma'anar impidans ga mai koyon haɗa amfilifaya

Impidans shi ne gwargwadon turjiyar da lasifika ko wata na'ura take yi wa wutar lantarki mai kai da komo, wato irin wutar da sauti yake zama idan ya shiga waya. Ana auna shi da om, ma'aunin da ya samo suna daga masanin nan na Jamus, Georg Ohm, kuma shi ne ma'anar 4Ω ko 8Ω da ake gani a bayan lasifika. Wannan lamba kimantawa ce kawai, domin impidans yana hawa yana sauka bisa kaurin sauti ko siririntarsa. Mitar gwajin lantarki kuwa turjiyar wayar da ke cikin lasifikar kaɗai take aunawa, saboda haka idan lasifika mai om 8 ta nuna 6 ko 7, lafiyarta ƙalau.

Inda mai koyo ya fi yin asara shi ne wajen ƙara lasifika. Idan aka haɗa biyu masu om 8 kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi, jimillar takan sauka zuwa om 4, idan kuma aka jera su ɗaya bayan ɗaya sai ta hau zuwa 16. Duk sa'ad da adadin ya ragu da rabi, amfilifaya za ta nemi tura ninki biyu na wutar da take turawa, sai IC, wato ƙaramin sashen da yake ƙara ƙarfin sauti a cikinta, ya ɗauki zafi, sauti ya fara karcewa, daga bisani ya ƙone. Sau da yawa akan zargi mai shago da sayar da jabu, alhali lissafi ne ba a yi ba. IC mai suna TDA2030 yana ɗaukar om 4 muddin an ɗaura masa ƙarfen sanyaya mai girma, amma LM386, wanda ya fi dacewa da mai koyo tunda batir mai bolt 9 ya ishe shi, ya fi samun sauƙi da om 8.

A mashigar sauti kuwa lamarin akasin haka ne, domin a nan impidans mai yawa ake so. Jitar lantarki tana bukatar mashiga mai kimanin om miliyan 1, in ba haka ba siraran sautukanta sukan dushe, abin da ya sa masu haɗa na'urorin sarrafa sauti suke fara da'irarsu da IC irin su TL072, masu impidans mai yawa a mashigarsu, kafin sautin ya isa sauran sassa.